Babi na Bakwai: Miyar da Sunanta Ya Fi Ta Yaji

Wanda ya ji sunan zai ɗauka sai ya ajiye kofin ruwa kusa kafin ya kai loma. Ana ce mata camarones enchilados, wasu kuma su juya su ce enchilado de camarones. Camarones dai jatan lande ke nan da Sifaniyanci, enchilado kuwa abin da aka cuɗa da barkono. Amma Bahaushen da ya tashi da attaruhu, ranar da aka ajiye masa wannan faranti a wani gida a Habana, zai yi ta kai loma yana laluben yajin da harshe, har ya suɗe kwano bai gamu da shi ba. Mutanen Kyuba, musamman na yammacin tsibirin, ba ma'abota yaji ba ne. Tafarnuwa suke ƙauna, da albasa, da tsamin lemo, da ƙamshin kumin. Abin da za a kawo maka jar miya ce mai kauri, mai zaƙin tattasai da ɗan tsami-tsami, ga jatan lande kwance a cikinta, ga farar shinkafa a gefe.

Sunan kansa baƙo ne a tsibirin. 'Yan asalin Kyuba, wato Taino, waɗanda Kolumbus ya tarar a 1492, ají suke ce wa barkono, kuma har gobe haka mutanen ƙasar ke kiransa. Chile, wadda daga ita aka samo enchilado, kalma ce ta harshen Nahuwatil na mutanen Aztek a Meziko, haka ma kalmar tomate da ta zagayo duniya har ta zama tumatir a bakinmu. Ba abin mamaki ba ne kalmomin Meziko su sauka a Habana: shekaru aru-aru a tashar birnin jiragen ruwan Sifaniya ke haɗuwa, na Berakurus da na sauran tashoshi, su jira juna kafin su tsallaka teku a ayari. Matuƙa kan yi makonni, wani lokaci watanni, suna ci suna sha a garin. Kada dai a rikita wannan miya da enchilada ta Meziko, wadda wainar masara ce da ake naɗe nama ko cuku a ciki. Suna ne kawai ya haɗa su.

Akwai wani ɗan barkono da ya fi komai bayyana halin girkin Kyuba, shi ne ají cachucha. In ka gan shi a tire za ka rantse attaruhu ne, siffa ɗaya, ƙamshi ɗaya, dangi ma ɗaya suke. Sai ka gutsura ka ji babu zafi sam, ko kuwa ɗan alama kawai. Ƙamshin attaruhu ba tare da azabarsa ba, shi mai girkin Habana ke nema.

A gabashin tsibirin labarin ya ɗan sauya. Can wajen Santiyago da Guwantanamo hannunsu ya fi sakewa da barkono, suna da wani ɗan tsiduhu mai zafi da suke kira ají guaguao, kuma a Barakowa har madarar kwakwa suke zuba wa miyar kifi da jatan lande. Da yawa daga masu rubutu kan abincin Kyuba suna danganta enchilado da baƙin da suka ƙetaro daga Haiti. Ƙaurar dai ta tabbata. Bayan da bayi suka yi bore a 1791 a wancan yanki da Faransa ke mulka a lokacin, dubban mutane sun gudo zuwa gabashin Kyuba, mafi yawansu a 1803: Turawa masu gonaki, da baƙaƙe 'yantattu, da bayin da aka taso ƙeyarsu. Su suka kafa gonakin kofi a tsaunukan yankin, waɗanda kufansu ke cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 2000. A 1809, bayan Napoliyon ya mamaye Sifaniya, aka kori da yawansu, kusan mutum dubu goma suka nufi birnin New Orleans. Duk wanda ya ɗanɗani jar miyar jatan lande ta 'yan Kiriyol na wancan birni, ya kuma ɗanɗani enchilado, zai ji kamar 'ya'yan wa da ƙani ne. A ganina babu ƙasa ɗaya da za ta ce ita kaɗai ta haife ta. Soya albasa da tafarnuwa a man zaitun dabarar Sifaniyawa ce, tumatir da tattasai na nahiyar Amurka ne, hannuwan da suka yi ta juya tukunyar kuwa, a gidajen masu rake da masu kofi, galibi na matan Afirka ne da jikokinsu, domin sai a 1886 aka soke bauta a Kyuba.

To, ga abin da ya sa na ware wa wannan miya babi guda. Kyuba tsibiri ce, teku ta kewaye ta ko'ina, kuma gaɓarta ta kudu mai laka da dazukan ruwa gidan jatan lande ce. Ana kama shi a mashigin Guwakanayabo da na Ana Mariya, jirage na fita daga Manzaniyo da Santa Kurus del Sur da Siyenfuwegos, ga kuma tafkunan da gwamnati ke kiwonsa a ciki. Amma talakan Kyuba na iya shekara bai sa shi a baki ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Jatan lande da babban ɗan'uwansa langosta kayan neman kuɗin waje ne, ana daskare su a tura Turai da Asiya, saura a kai otal-otal na masu yawon buɗe ido. Littafin rabon abinci da suke kira libreta, wanda aka fara a 1962, yana ɗauke da shinkafa da wake da sukari da mai da burodi, amma babu wanda ya je layi da shi yana sa ran jatan lande. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 ƙasar ta shiga ƙuncin da hukuma ta raɗa wa suna Lokaci na Musamman. A tsakiyar shekarun 1990 aka ba iyalai damar buɗe ƙananan gidajen abinci a cikin gidajensu, waɗanda ake kira paladar, sunan da suka aro daga wani wasan kwaikwayon talabijin na Birazil. Sharuɗɗan sun yi tsauri: kujera kada ta wuce 12, ma'aikata su zama 'yan gida, kuma ba a yarda su sayar da langosta ko jatan lande ko naman sa ba. Ana dai sayarwa, sai dai a raɗa wa baƙo a kunne, ba a rubuta a takardar abinci. Sai wajen 2010 zuwa 2011, zamanin Raul Kastro, aka sassauta. Shi ya sa a yau za ka fi samun enchilado a saukake a unguwar Ƙaramar Habana da ke Mayami, a gidajen waɗanda suka yi hijira, fiye da a tukunyar malamin makaranta a Habana ta ainihi.

Mutanen Kyuba suna da kalmomi biyu da ba sa rabo da bakinsu, resolver da inventar, wato a san yadda aka yi, a ƙirƙiro dabara. In babu jatan lande sai a yi enchilado da ƙaguwa, wadda garin Kaibariyen ya yi suna da ita har ya kafa mata gunki a ƙofar gari. In babu ƙaguwa a yi da kifi. Matar da ta koya wa ƙasar wannan hali a madafa ita ce Nitza Villapol, wadda ta shafe fiye da shekara 40 tana gabatar da shirin Cocina al Minuto a talabijin, tare da mataimakiyarta Margot Bacallao, baƙar mace wadda ita ce ke tsaye kan tukwanen. Kafin juyin juya halin 1959 littattafan Nitza cike suke da man shanu da kayan gwangwani na Amurka. Bayan kaya sun yi wuya sai ta sake rubuta su, ta cire abin da babu, ta nuna abin da zai tsaya a madadinsa. Waɗanda suka bar ƙasar kuwa sun tafi da tsohon bugun a akwatunansu. Ta rasu a 1998, amma har yanzu littafinta ne alƙali idan gardamar girki ta tashi tsakanin uwa da 'ya.

Na kawo labarinta ne domin mu ma akwai abin da za mu sauya. Girkin asali yana da vino seco, giyar girki mai gishiri da ke kan kantar kusan kowace madafa a Kyuba, ana zuba kamar rabin kofi. Musulmi ba zai sa ta ba, kuma babu asarar da za a yi kuka a kanta. Aikinta biyu ne, ta kawo tsami, ta kuma kankaro abin da ya kama a gindin tukunya. Romon ɓawon jatan lande da cokali ɗaya na ruwan khal da matsin lemun tsami za su yi duka biyun. Shi kansa jatan landen babu damuwa a kansa a mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, domin ta halatta abin da ke rayuwa a teku. Wasu malaman Hanafiyya ne suka yi saɓani a kai. Abin da ya kamata a tambayi baƙo kafin a zuba masa shi ne ko jikinsa na karɓarsa, domin akwai masu kumburi da sarƙewar numfashi in sun ci, kuma abin ba wasa ba ne.

Don mutum huɗu a nemi kilo 1 na jatan lande mai ɓawo, matsakaici ko babba. Mai ɓawo nake nanatawa, in ma da kai ya fi, domin rabin daɗin miyar a nan yake. Wanda ke nesa da teku daskararre zai samu, kuma babu laifi, sai dai a duba leda. In ƙanƙara ta dunƙule a ciki ta zama curi guda, alama ce ya narke an sake daskarewa, abin da kowa ya san yana faruwa inda wuta ke yawan ɗaukewa. In yana warin fitsari-fitsari a bar wa mai shi kayansa. A narkar da shi a ruwan sanyi, kada a kusantar da shi ga ruwan zafi. A ɓare, a tsaga bayansa sama-sama da bakin wuƙa, a zare baƙin zaren nan, hanjinsa ne, yakan zo da yashi. A barbaɗa gishiri kaɗan, a matsa rabin lemun tsami, a sa dakakkiyar tafarnuwa ƙwaya biyu, a ajiye a wuri mai sanyi. Kada ya wuce minti 15 a haka, domin tsamin lemo na fara dafa shi tun kafin ya ga wuta.

Ɓawon da kawunan a zuba su a tukunya da ɗigon mai, a juya har su yi ja, ƙamshi ya tashi. A zuba ruwa kofi 2, a bar shi ya yi ta ɓararraka a ƙaramar wuta minti 15, a danne kawunan da bayan ludayi, a tace. Wanda bai samu mai ɓawo ba yana iya tafasa ɗan busasshen jatan landen nan da ake sayarwa a mudu, ya tace ruwan. Amma cokali ɗaya ya isa, in ya yi yawa warin hayaƙinsa zai kai miyar Kalaba maimakon Habana.

Sai uwar aikin, sofrito. Mafi kusa da shi a wurinmu shi ne soya jajjage, amma akwai bambancin da in ba a kiyaye ba an bar hanya. Mu mukan zafafa mai har ya yi hayaƙi, mu watsa albasa ta yi ƙauri, mu juye markaɗe a kai ya yi ta tartsatsi. Sofrito ba ya son wannan. A yanka babbar albasa ɗaya ƙanana-ƙanana, da koren tattasai ɗaya, da ja ɗaya. Yanka nake nufi, da wuƙa. Injin markaɗe zai fitar da ruwansu su dahu maimakon su soyu. A zuba man zaitun cokali 4 a faffaɗar tukunya, wuta matsakaiciya zuwa ƙasa, a sa albasa da tattasai da ɗan gishiri. Daga nan sai jira. Minti 10, minti 12, ana juyawa jefi-jefi, har albasar ta yi laushi ta zama kamar gilashi, tattasan ya saki jiki, man ya ɗauki launi. Ba a son ta yi ja, balle baƙi. A wannan zaman ne zafin albasa ke komawa zaƙi, kuma wannan zaƙin shi zai tare tsamin tumatir nan gaba. Wanda ya gajarta shi zai ƙare da zuba sukari ko kecaf don gyara, kuma gidaje da yawa a Kyuba da Mayami suna zuba kecaf ɗin ba tare da jin kunya ba. Ni dai na fi son albasa ta yi aikinta.

Tafarnuwa sai a ƙarshe, ƙwaya 6, dakakkiya a turmi da ɗan gishiri kamar yadda su ma suke yi a ƙaramin turminsu. Minti ɗaya ya ishe ta, in ta ƙone ɗaci za ta bari. A bi ta da rabin ƙaramin cokali na garin kumin, da rabi na busasshen oregano, da ganyen laurel ɗaya ko biyu, wanda a kasuwanninmu ake kira belif. Mai ají cachucha ya sa uku ko huɗu. Wanda ba shi da shi ya ɗauki attaruhu ɗaya, ya huda shi da tsinke, ya jefa shi ɗungurungum, ya tsame kafin a sauke. Ƙamshin zai shiga, zafin kaɗan zai biyo. Na san akwai mai karatun da tuni ya ƙudurta zai daka biyar ya zuba. Tukunyarsa ce. Amma ya gwada sau ɗaya yadda masu ita ke ci, ya ji ɗanɗanon jatan landen da ya sayo da tsada, kafin ya binne shi.

A sa tumatirin gwangwani mai kauri cokali 2, a soya shi cikin kayan har ya ɗan yi duhu. A zuba markaɗaɗɗen tumatir kofi ɗaya da rabi, da romon ɓawo kofi ɗaya, da cokalin khal. A kankare gindin tukunya da muciya. A rage wuta, a bar murfi a karkace, minti 15 zuwa 20, har mai ya fara tasowa a gefe-gefe, in an ja muciya a tsakiya hanya ta buɗe ta ɗan jima kafin ta rufe. Yanzu ne lokacin ɗanɗanawa da gyara gishiri, da masoro kaɗan. Wasu na ƙara koren zaitun ko gasasshen jan tattasai na kwalba, gadon Sifaniya ne, ba dole ba. Dunƙulen ɗanɗano kuwa babu buƙatarsa in an yi romon da kyau.

Duk wannan ana iya gama shi tun da hantsi a ajiye. Abin da ba a yi da wuri shi ne sa jatan landen, kuma a nan na yi ɓarna ta farko. Na saba da nama, wanda ƙa'idarsa ita ce a bar shi ya sha miya. Na juye jatan lande, na rufe, na tafi sallar magariba da zuciya ɗaya. Da na dawo ƙamshi ya cika gida, miya ta yi kyau, amma kowane ɗaya ya ƙanƙance ya naɗe kamar zobe, ana tauna shi yana mayar da haƙori kamar danƙo. Naman jatan lande siriri ne, ba shi da jijiya ko kitsen da zai narke da daɗewa, zafi na taɓa shi yake matsewa ya tofar da ruwansa. Minti 3 zuwa 4 ke nan, ba ƙari. A tsame shi daga ruwan lemon, a jera shi cikin miya tana tafasa a hankali, bayan minti 2 a juya. Da ya bar launin toka ya koma fari da ruwan hoda, ya lanƙwasa kamar lauje, a kashe wuta. Zafin miyar zai ƙarasa sauran. In kai da wutsiya suka haɗu an makara. Saboda haka sai shinkafa ta turara, masu ci sun wanke hannu sun zauna, sannan a sa shi. A matsa sauran lemun tsamin, a watsa yankakken faski.

Ga wanda ke da agada a gida, akwai abokan tafiya iri biyu. Nunanniya ana soya ta kamar yadda muka sani, su maduros suke ce mata. Ɗanya kuwa ana yanka ta da kauri kamar faɗin yatsu biyu, a soya a mai marar zafi sosai har ta yi laushi, a tsame, a danne ta da gindin kofi ko tsakanin katakai biyu ta baje, a mayar cikin mai mai zafi ta yi ƙaras-ƙaras, a barbaɗa gishiri. Sunanta tostones, a wasu sassan ƙasar chatinos. Da ita ake dangwalar miya.

Shinkafar fara ce zalla. Kyuba na da shinkafa da wake kala biyu da take alfahari da su, moros y cristianos da congrí, amma ba su ake haɗawa da enchilado ba, domin miyar na son fili. Doguwar ƙwaya ake so, kofi 2, a wanke, a sa ruwa da gishiri da cokalin mai da fasasshiyar tafarnuwa ɗaya, ta dahu wara-wara, abin da suke kira desgranado. Shinkafar da ta caɓe abin gori ce a can kamar yadda take a nan. Tun 2005, lokacin da gwamnatin Fidel Kastro ta rarraba tukwanen shinkafa masu aiki da lantarki, gidaje da yawa suka koma kansu. Sai dai tsofaffi ba su yar da kaskonsu na dalma mai nauyi ba, caldero, saboda abin da yake bari a gindi in an rage wuta an ƙyale shi ya ɗan ƙara mintoci. Su raspa suke ce masa, mu ƙanzo. Bayan jatan lande ya ƙare a faranti, akan kankaro shi da cokali, a zuba masa ragowar jar miyar da ta kwanta a gefen tukunya, kuma galibi mai girkin ce ke cinye shi a tsaye a madafa, kafin yara su farga.